Gurbin da Aka Ba Ummulkhair

Kano, watan Nuwamba

Zuwa ga Yaya Naja'atu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya. Ya Gagarawa, ya ɗalibai? Ya Inna da ƙafarta, kin samu kin leƙa ta a Gumel kuwa? Ga wannan takarda ta hannun Manu direba. Na san za ki ce ga waya, amma tun muna makarantar kwana ni da ke ba mu iya doguwar magana ba sai a rubuce. Kuma kwanan nan in na kira ba kya ɗauka, na ce ko sabis ne.

Yaya, karatu ya kankama. Sunan kwas ɗin namu gudanar da harkokin fasaha. Ba a koya mana rubuta wasa ko fitowa a dandamali. Abin da ake koya mana shi ne yadda ake riƙe ƙungiyar wasan kwaikwayo irin tamu ta Tartsatsi, ko gidan tarihi, ko gidan wasa: tsara biki, neman masu tallafi, rubuta yarjejeniya, kare haƙƙin marubuci, da sanin su wane ne 'yan kallonka. Ashe duk wahalar nan da nake sha ta aron kujeru da bin shugabannin makarantu ina roƙon fili, ilmi ne mai zaman kansa, har da farfesoshinsa. Ranar farko na zauna a aji ina ta murmushi ni kaɗai kamar wata sakarya.

Makon jiya malaminmu Dakta Abdulfatah ya ce kowa ya tashi ya ba da labarin wata ƙungiya da ya sani. Na ba su labarin Tartsatsi, yadda mata zalla, malamai da nas da mai ɗinki, muke zagaya makarantun 'yan mata daga Gumel har Maigatari. Da na gama sai ajin ya ɗauki tafi. Dakta ya tambaye ni wa ya kafa ta, na ce ni da yayata. Ya ce wata rana zai so ya zo ya gani da idonsa.

In kin ga ɗakin karatunsu, Yaya, ba za ki so fitowa ba. Akwai wani ɓangare na littattafan wasan kwaikwayo zalla, kullum na wuce ta nan sai na tuna ki.

Abu ɗaya ne ya tsaya min a rai. Ranar da zan taho ban gan ki a tasha ba. Mama Kyauta, uwar ƙungiyarmu, da tsufanta ta taso tun daga Sule Tankarkar ta raka ni. Na yi ta waiwaye har mota ta fita daga gari.

Ki gai da kowa a ƙungiya. Allah ya bar zumunci.

Ƙanwarki,
Ummulkhair

*

Gagarawa Tasha, watan Disamba

Ummul,

Wa alaikis salam. Takardarki ta iso. Muna lafiya, Inna ta ji sauƙi, tana sa miki albarka. Sabis ɗin Gagarawa lafiyarsa ƙalau, ni ce aiki ya yi min yawa. Rabin ajina suna gona ana ɓarar zoɓo, sauran rabin kuma barci suke zuwa yi.

Na taya ki murna da tafin da aka yi miki. Na maimaita karanta wurin. Ni da yayata. Na gode da aka tuna da ni, ko da a wutsiyar magana ne. Sai dai don kada Daktan naku ya ɗauki tarihi a karkace, ki gaya masa ranar da aka kafa Tartsatsi a ɗakin Inna ke kina tsakar gida kina wanke-wanke, ni na ƙwala miki kira ki zo ki riƙe mana zanen da muka yi labule da shi. Ki kuma gaya masa duk wasan da kika ba su labarinsa har suka tafa, akwai wadda ta zauna ta rubuta shi.

Ban zo tasha ba saboda ina da darasi. Ba a ba malamar makaranta hutu don ta je rakiyar mai tafiya jami'a.

Ƙungiya tana nan. Halimatussa'adiya ce take aron kujeru yanzu, kuma suna zuwa. Na fara sabon wasa a kan wata mai sayar da abinci a kasuwar Maigatari, lokacin da aka rufe iyaka, ita tana nan da mijinta, uwarta tana kwance ba lafiya a tsallake. Na sa masa suna Ranar Alhamis, ranar da kasuwar take ci. Da a da ne da ke za ki fara ji, amma yanzu ba na so in shiga lokacin karatunki, ga kuma manyan littattafai a gabanki.

Ki daina turo hotuna a zauren ƙungiya na waya kowace safiya, wasu ba su da data.

Allah ya ba da sa'a.

Naja'atu

*

Gagarawa Tasha, watan Janairu

Zuwa ga Mama, Hajiya Kyauta, Sule Tankarkar,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe da Mama cikin girmamawa, da fatan jiki da ido sun yi sauƙi. Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Mama, akwai maganar da na so in yi miki ranar da muka haɗu a wurin sunan gidan Cindo, bakina ya yi nauyi. Ki yafe min in na yi rashin kunya.

Lokacin da gidauniyar nan ta ba Tartsatsi gurbin karatu guda ɗaya, ta ce ke uwar ƙungiya ki zaɓi wadda za ta tafi, kowa ya ɗauka ni ce. Ni ma na ɗauka. Har akwati na je na taya a kasuwar Gumel. Ke kika koya min Hausa a aji, ke kika fara karanta wasana na farko kika ce in ci gaba. Sai ga shi kin kira sunan Ummulkhair a gaban kowa, na yi ta yaƙe ina cewa Allah ya sanya alheri. Me na rasa, Mama? Shi nake so in sani.

Ba ƙin ta nake yi ba. 'Yar ƙanen babana ce, tun da mahaifiyarta ta rasu Inna ta ɗauko ta, katifa ɗaya muka kwana a kai har muka girma. Amma yanzu in an ambaci sunanta sai abinci ya fita raina. Na ce ta daina turo hotuna, ta daina, sai ga ni ina bin shafinta ina nema. Akwai wanda ta ɗauka a bakin ɗakin karatu rungume da littattafai, na kalle shi har na san adadin matakalar da ke bayanta. In na shiga aji na ga allon da ya tsage da yara suna hamma, sai in ce a raina, a daidai wannan lokaci ita tana zaune ana yi mata bayanin abin da ni na fara.

Na yi addu'a a kai, bai tafi ba. Shi ya sa na rubuto.

'Yarki,
Naja'atu

*

Sule Tankarkar, watan Fabrairu

'Yata Naja'atu,

Amincin Allah ya tabbata a gare ki. Na ga takardarki, na kuma ji daɗi da kika faɗa min a fili maimakon ki bar shi a ciki. Ido ya yi dama, sai dai rubutun nawa ya ƙara girma, ki yi haƙuri da shi.

Ba zan ce miki kin fi Ummulkhairi ba don ki ji sanyi, kuma ban zaɓe ta don ta fi ki ba. Na sa gilashina na karanta bayanin kwas ɗin nan daga farko har ƙarshe. Ban ga inda aka ce za a koyar da rubutu ba. Taro ne, da tsari, da bin mutane da lallami, da takardu. Ke kuwa na san ki. In taro ya ɗan yi tsawo sai ki juya takardar ajanda ki fara rubuta maganar 'yan wasanki a baya. Ranar da shugabar makarantar nan ta hana mu fili, ke kika gaya mata baƙar magana, Ummulkhairi ce ta koma washegari da murmushi ta karɓo mana izini. Da na tura ki, da kin dawo da takardar shaida da ɓacin rai, kuma da babu wanda zai rubuta mana komai a tsakani.

Yanzu ki ji abin da ba za ki so ji ba. A ganina ba karatun ne yake cin ki ba. Kin saba in kin waiwaya ki gan ta a bayanki, yau kuma mutane suna kiran sunanta ba su haɗa da naki ba. Wannan ba laifinta ba ne, ba kuma abin da zan iya gyara miki ba ne.

Ki gama wasan da kika fara. In ya kammala a kawo shi nan, matan unguwarmu su gani.

Allah ya yi muku albarka ku duka biyun, ya sanyaya miki zuciya.

Mamanku,
Kyauta Ɗantsoho

*

Kano, watan Maris na shekara ta biyu

Yaya Naja'atu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ya aiki, ya zafi? Da na zo hutu ba mu samu zama ba, kullum aka ce kina Gagarawa. Ina fatan dai lafiya.

Albishir nake tafe da shi. An tura ni sanin makamar aiki a Cibiyar Madubi, masu shirya bukukuwan fasaha a nan Kano. Na kai wa shugabarsu, Hajiya Ummukulsum, shawarar a yi bikin wasan kwaikwayo a Maigatari, a haɗa ƙungiyoyin nan gida da na Nijar, tun da harshe ɗaya ne kuma kasuwa ɗaya muke ci. Ta karɓa, ta kuma ɗora ni a kai. Shi ne aikin kammala karatuna. Ta ce in ya yi kyau akwai kujerar mai tsara shirye-shirye da babu kowa a kai, tawa ce. Ƙungiyoyi za su zo daga Damagaram da Magarya da Haɗeja. Mun samu fili kusa da yankin ciniki na bakin iyaka, za a kafa rumfuna da dandamali na gaske, da fitilu. Za a buɗe ranar Asabar ta biyu bayan ƙaramar Sallah.

Na ji labarin Ranar Alhamis. Halimatussa'adiya ta ce da kuka yi shi a makarantar 'yan mata ta Gumel har malamai sun yi hawaye. Yaya, wasan Maigatari ne, a Maigatari ya kamata a gan shi, kuma ina so shi ne zai buɗe bikin.

Sai dai akwai ƙa'ida, kuma ta hau kan kowa. Kowace ƙungiya za ta cike takardar nema ta haɗo da ɗan bidiyo, kwamiti ya duba. Ni ba na cikin masu zaɓe, don na faɗa musu ke yayata ce. Sannan wasa ba zai kai awa guda ba, saboda ƙungiyoyin da yawa, ke nan sai kin ɗan rage naki. Na tabbata za su ɗauke shi. Na haɗo miki takardar, na ma cike miki wuraren da na sani, saura naki.

Don Allah kada ki bari lokaci ya ƙure.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Ummulkhair

*

Gumel, watan Maris

Ummul,

Salam. Na ga saƙo, Allah ya sanya alheri a kujerar da ake ajiye miki.

Bari in ga ko na fahimta. Ni Naja'atu in cike takarda, in ɗauki bidiyo, in aika Kano, wasu mutane da ba su taɓa cin tuwo a rumfar kasuwar Maigatari ba su zauna su duba ko wasana ya isa a nuna shi a Maigatari. In sun yarda kuma in ɗauki almakashi in yanke shi daidai da jadawalinki. Wanne zan cire? Wurin da take roƙon jami'in iyaka, ko wurin da aka kawo mata labarin rasuwar uwarta? Tun da kin yi karatun, ki zaɓa min.

Na karanta wa 'yan ƙungiya takardarki. Wasu sun so a je, saboda fitilu. Na ce duk mai so ta je, amma ba da wasana ba.

Kin ce kin faɗa musu ni yayarki ce. Ni kuma a Gumel yanzu in na shiga gidan biki sai in ji ana cewa ga yayar Ummulkhair ta Kano. Har mai adaidaitan da ya kawo ni jiya sai da ya tambaye ni wai gaske ne ƙanwata za ta kawo 'yan Nijar.

Ga takardarki nan na mayar, ban taɓa ta ba. Ku yi bikinku lafiya. Mu ma ba za mu zauna ba.

Naja'atu

*

Maigatari, bayan Sallah

Yaya,

Salam. Ina rubuta wannan a tsaye, ana kafa rumfuna. Yanzu aka nuna min sanarwarku: Tartsatsi za ta yi Ranar Alhamis cikakke, kyauta, a filin firamaren tsakiyar gari, ranar Asabar da la'asar. Yaya, ranar buɗe bikina ce, lokacin ma ɗaya. Na kira ki ba ki ɗauka ba.

Ban ce ki fasa ba. Ki matsar da shi zuwa Lahadi, ni da kaina zan sa a yi miki shela a dandamalinmu, zan aiko miki da lasifikarmu da janareta. Shugabata za ta zo, Dakta Abdulfatah zai zo ya ba ni maki, baƙi za su tsallako daga Nijar. Kin san garin nan ba zai cika fili biyu a yini ɗaya ba.

Ban taɓa roƙon ki wani abu babba ba. Don darajar Inna.

Ummul

*

Gagarawa Tasha, mako guda bayan biki

Zuwa ga Mama, Hajiya Kyauta,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe da Mama, Allah ya ƙara lafiya. Na san labari ya riga ni isowa, amma gara ki ji daga bakina.

Mun yi wasan ranar Asabar kamar yadda na sa. Mama, ban taɓa ganin taro irin wannan ba. Tun kafin la'asar kujerun suka ƙare, aka shimfiɗa tabarmi, su ma suka ƙare. Mata masu abinci na kasuwa sun rufe rumfunansu sun zo, don an gaya musu labarinsu ne. Matan rugage suka sauke ƙorensu a bakin fili suka zauna. Maza suka tsaya daga baya, wasu a kan katanga. Da aka zo wurin da ake kawo mata labarin rasuwar, ita kuma ta ci gaba da tuƙa tuwo tana yi wa uwar magana kamar tana gabanta, filin nan ya yi tsit. Wata tsohuwa ta riƙe hannuna bayan an tashi, ta ce min, "'Yar nan, wa ya gaya miki abin da ya same ni?"

Mijin Halimatussa'adiya ya bi ta wajen bikin Ummul a kan babur. Ya ce rumfuna sun yi kyau, an sa wa kujeru fararen riguna, amma yawancinsu babu kowa. Manyan baƙi ne a gaba, sai 'yan Magarya suna ta wasa ga iska. Ba zan ɓoye miki ba, da ya faɗa sai da na ji wani daɗi ya ratsa ni har tafin ƙafa. Na ce yau dai an san wadda ake zuwa gani.

Abin da bai faɗa min ba sai daga baya, Inna tana can. Ta ɗauki shatar mota daga Gumel da ƙawayenta, suka zauna a layin gaba da ciwon ƙafarta har aka tashi. Ba ta zo nawa ba. Da na je gaishe ta ta amsa, ta tambaye ni ya makaranta, shi ke nan. Ta ci gaba da tsintar shinkafarta.

Na ɗauka in na yi haka abin zai sauka daga ƙirjina. Ya sauka a ranar. Washegari na ga hoton Ummul da katin ma'aikata a wuya tana tarbar baƙi, fuskar nan a gajiye amma a tsaye take kamar ba abin da ya faru, sai ya dawo sabo. Ta rasa 'yan kallo, ni na samu, kuma har yanzu ni ce nake kallon hotonta.

Ina jiran abin da Mama za ta ce.

'Yarki,
Naja'atu

*

Kano, farkon damina

Yaya Naja'atu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya.

Na ci aikin kammalawa, da ƙyar. Kujerar Cibiyar Madubi an ba wani abokin karatuna, Nura. Hajiya Ummukulsum ba ta yi min faɗa ba. Ta ce tsarin ya yi kyau, kwanakin da suka biyo baya ma an samu mutane, amma mai shirya biki a garinsu ya kamata ta san abin da ke tafe a cikin gidansu. Gaskiya ta faɗa. Ina da nawa kuskuren kuma: na kai fili bayan gari saboda baƙi su ji daɗin ajiye motoci, na manta matan gari da ƙafa suke zuwa. Wannan nawa ne. Ranar kuwa ke kika zaɓe ta.

Ba ki sani ba, na zo filinku. Shugaban 'yan wasan Damagaram, Mushe Dalhatu, ya tambaye ni ina mutanen garin suka tafi. Na gaya masa gaskiya. Ya ce in kai shi. Muka hau adaidaita, na bar baƙina a zaune, muka tsaya a bayan maza. Lasifikarku tana ta yankewa, na baya ba sa jin rabin maganar, amma babu wanda ya motsa. Mun samu fitowar ƙarshe.

Na yi kuka, Yaya, ina jin haushin ki ina jin haushin kukan. Kina ganin ke kaɗai kika san wannan ciwon? Ni ba zan taɓa rubuta abin da zai sa mace ta ajiye ƙwaryar nononta ta manta da ciniki ba. Na san haka tun muna yara, in kina ba da labari a ɗaki ni ina gefe ina kallon fuskokin masu saurare. Na nemi abin da na iya na riƙe, na ce in ke kin rubuta ni zan kai shi inda ba ki zata ba. Ɗan wannan da na samu shi ne ya tsone miki ido.

A hanyar komawa, da muka kusa isa, Mushe Dalhatu ya juyo ya dube ni. Sannan ya ce, "Madam, wasan nan namu ne mu ma, rabinsa a wajenmu ya faru." Yana so a kai shi Damagaram da Maraɗi bayan damina. Ga lambarsa a ƙasa. Ya ba ni saƙo, na isar.

Na kwashe kayana daga makaranta, ina gidan wata ƙawata kafin in ga abin da Allah zai yi.

Ummulkhair

*

Gumel, tsakiyar damina

Ummul,

Assalamu alaikum. Ya Kano, ya ruwa? Nan gero ya yi kyau, Inna tana lafiya.

Na daɗe da takardarki a jaka kafin in iya amsawa. Mama Kyauta ma na rubuta mata tun bayan biki, har yau ba ta ba ni amsa ba, kin kuwa san ba mantuwa ta yi ba.

Ba zan ce ban san abin da nake yi ba. Na sani, na ga roƙonki, na ninke shi na ajiye. Ban yi zaton zai kai ga kujerar ba, ko kuma na yi zaton na kau da kai. Ban iya ba da haƙuri a takarda ba, ke ma kin sani.

Na kira mutumin naki. Da ya ce sunansa Mushe sai da na toshe baki, daga baya aka ce min haka suke kiran malami a can. Mutumin kirki ne, amma ya jero min abubuwan da suka sa kaina ya yi zafi: takardun tsallaka iyaka na mata goma sha wani abu, masauki, mota, wasiƙar gayyata da za a nuna wa mazajensu da wuraren aikinsu. Ya kuma turo wata yarjejeniya, rabi Faransanci rabi Hausarsu, akwai maganar ɗaukar wasan a talabijin da ban gane inda ta dosa ba. Yana so in sa hannu kafin ƙarshen wata. Halimatussa'adiya ta ce ita iyakarta kujeru.

Ban san wanda zan ba wasan nan in yi barci ba in ba ke ba. Ba zan yi miki ƙarya in ce zuciyata ta wanke ba. Har yanzu in na tuna shekara biyun da kika yi a can sai in ji wani abu ya tokare ni, ban kuma san ranar da zai daina ba. Da shi a ƙirjina nake roƙon ki. In kin ƙi, ba zan ga laifinki ba.

Yayarki,
Naja'atu

*

Kano

Yaya Naja'atu,

Wa alaikis salam. Kada ki sa hannu a komai sai na karanta.

Zan zo ranar Juma'a. Zan riƙe tafiyar Nijar a matsayin manajar Tartsatsi, da yarjejeniya a rubuce tsakanina da ke, kamar yadda zan yi da kowace marubuciya. Ki tara 'yan ƙungiya ranar Asabar da hantsi, kowa ta zo da katin shaidarta.

Ɗayar maganar ban shirya mata ba tukuna, kada ki tayar da ita. A gidan Goggo Amina zan sauka. Ki gaya wa Inna zan shigo in gaishe ta.

Wassalam,
Ummulkhair Sha'aibu